Allin Tsayar da Jinin Aski: Me Ke Cikinsa? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya daɗe yana aski ya san wannan damuwar. Reza ta ɗan taɓa ƙasan haɓa ko gefen leɓe, yankan bai wuce tsinin allura ba, amma jini ya ƙi tsayawa, ga shi mutum yana sauri zai fita. Saboda haka ne ake sayar da abubuwan tsayar da jinin aski: akwai mai kama da alli, akwai dunƙule mai kama da ƙanƙara, akwai na ruwa da na gari. Mutane da yawa suna goga su a fuska ba tare da sun taɓa duba bayan kwalin ba. A ganina bai kamata mutum ya sa abu a kan buɗaɗɗen rauni bai san ko mene ne ba, komai ƙanƙantar raunin.

Me ya sa ɗan ƙaramin yanka yake zubar da jini haka?

Dalili biyu ne suka haɗu. Fatar fuska, musamman kewayen leɓe da haɓa, cike take da ƙananan jijiyoyin jini da ke kusa da sama. Sannan reza tana da kaifi ƙwarai, tana yanka a miƙe ba tare da ta dagargaza naman ba. Idan fata ta ƙuje ne, gefen raunin yakan yi kaushi, ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni su sami abin kamawa. Yankan reza kuwa sumul yake, sai toshewar ta ɗauki lokaci. Ƙari a kan haka, yawanci da ruwan ɗumi ake aski, ɗumi kuma yana buɗe jijiyoyi, ruwan da ke fuska yana tsinka jinin ya yi ta bin fata, har a ga kamar ya fi yadda yake yawa.

Wane sinadari ne a cikin allin?

Gishirin aluminiyam ne. A mafi yawan allin da ake sayarwa, babban sinadarin shi ne aluminiyam salfet, a wasu kuma alif, wato fotasiyam aluminiyam salfet. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙayyade cewa allin da za a sayar ba tare da takardar likita ba ya ƙunshi aluminiyam salfet daga kashi 46 zuwa 63 cikin 100, kuma ta amince a rubuta a jikinsa cewa na ƙananan yanka da ƙujewa ne, irin waɗanda ake samu wajen aski. Wannan iyakar tana da muhimmanci, za mu dawo kanta.

Sauran abin da ke ciki ba magani ba ne. Akan sa titaniyam dayoksaid, farar hodar nan da ake sawa a fenti da man kare fata daga rana, don allin ya yi fari fat. Akwai kuma abin da ke riƙe garin ya zama sanda, da ɗan ruwan da ke cikin gishirin kansa. Shi ke nan. Idan aka cire ado da kwali, abu ne mai sauƙin haɗi.

To shi da alif ɗin da ake tace ruwa da shi abu ɗaya ne?

'Yan gida ɗaya ne. Abin da gidajen ruwa na zamani suka fi zubawa don laka ta kwanta shi ne aluminiyam salfet, kuma shi ma alif ake ce masa a bakin jama'a. Dunƙulen da ake yi domin aski kuwa yawanci fotasiyam alif ne tsantsa, an sassaƙe shi an goge. Aikin da suke yi a ruwa da wanda suke yi a fata suna da kama: suna sa ƙananan abubuwan da ke yawo su haɗu su dunƙule.

Bambancin yana wajen ƙarfi da tsabta. Allin ya fi dunƙulen ƙarfi, don haka a kan inda aka yanke kaɗai ake ɗora shi. Dunƙulen ya fi sauƙi, ana jiƙa shi a shafe fuskar gaba ɗaya bayan aski, ya tsayar da 'yan ɗige-ɗigen jinin da ba su kai yanka ba. Alif ɗin masana'antu da ake sayarwa a buhu ba don fata aka yi shi ba, yana iya zuwa da ƙura da ragowar ƙarfe, ban ba kowa shawarar ya sa shi a rauni ba.

Alif tsohon abu ne a hannun ɗan Adam. Masanin nan na Rum, Pliny, wanda ya mutu a shekarar 79 Miladiyya, ya yi rubutu a kansa da amfaninsa wajen magani da rini. Marina sun daɗe suna dogara da shi don launi ya kama zare, majema kuma suna gyara fata da shi. Darajarsa ta kai ga cewa bayan daular Usmaniyya ta karɓe Kustantiniyya a 1453, Turawa suka shiga ƙuncin samunsa, har aka gano ma'adininsa a Tolfa kusa da birnin Rum a farkon shekarun 1460, Fafaroma ya kama cinikin ya riƙe. Shi kansa ƙarfen aluminiyam daga sunan alif na Latin, alumen, aka ciro sunansa, kuma Humphry Davy ne ya fara raɗa masa suna a 1808. Ke nan mutane sun yi ƙarnuka suna tsayar da jini da alif kafin su san akwai wani ƙarfe ɓoye a cikinsa.

Ta yaya gishiri zai tsayar da jini?

Wanda ya taɓa cin ɗanyen 'ya'yan itace ya ji bauri ya kama masa harshe, ya ji bakinsa ya tsuke ya bushe, ya riga ya ɗanɗani yadda abin yake aiki. Baurin nan sinadari ne ke kama furotin na yawu da na fatar baki ya dunƙule shi. Alif ma haka yake yi, kuma shi ma bauri gare shi.

Da zarar an jiƙa allin an ɗora, gishirin yana narkewa ya saki aluminiyam. Shi kuma ya kama furotin da ke cikin jini da wanda ke bakin raunin, ya sa su daskare su zama wani ɗan murfi. A lokaci guda naman wurin yana tsukewa, bakin jijiyoyin da aka yanke ya ƙanƙance. Murfi daga sama, matsewa daga gefe, sai jini ya rasa hanya. Daga nan jiki ya ci gaba da nasa aikin a ƙarƙashi: ƙwayoyin toshe rauni su taru, zaren fibirin, wani furotin na jini, ya saƙa raga a kansu.

A lura da kyau, allin ba ya warkar da rauni, kuma ba ya gyara jinin da ba ya daskarewa. Toshe ƙofa kawai yake yi kafin jiki ya gama ginin bango. Shi ya sa yake cin nasara a kan ƙananan jijiyoyi, ya kasa a kan manya, inda ƙarfin jinin ke ture murfin kafin ya zauna.

Me ya sa yake da raɗaɗi haka?

Domin idan aluminiyam salfet ya narke a ruwa yana zama mai tsami, wato asid mai rauni, ga shi gishiri ne mai kauri da aka ɗora kan jijiyoyin jin zafi da reza ta buɗe. Raɗaɗin na 'yan daƙiƙoƙi ne. Idan ya wuce haka, ko wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi, a wanke da ruwa a daina amfani da shi.

Na ruwa da na jel fa, su ma alif ne?

Ba kullum ba. Da yawa daga cikin na ruwa da masu ɗan ƙwallo a baki aluminiyam kulorayid ne a cikinsu, sinadarin da ake samu a magungunan hana zufa masu ƙarfi. Likitocin fata suna amfani da shi, kimanin kashi 20 cikin 100 ko sama da haka, bayan sun ɗan yanki fata don gwaji. Wasu kuma aluminiyam salfet ɗin ne dai aka narka a ruwa. Ana yawan ƙara musu giliserin ko ruwan alobera don rage bushewa, wani lokaci da sifirit ko turare. Mai fata mai saurin fushi ya kula da waɗannan na ƙarshe, domin sau da yawa turaren ne ke tayar da ƙaiƙayi, ba gishirin ba.

Akwai kuma masu kama da ashana, an ɗan tsoma kan kowane tsinke a alif. A jiƙa ɗaya, a ɗora, a jefar. Ta fuskar tsabta babu kamarsu.

Na ji ana cewa akwai mai sinadarin baƙin ƙarfe. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Sunansa ferik sabsalfet, an fi saninsa da ruwan Monsel, daga sunan Léon Monsel, wani mai haɗa magani a rundunar sojan Faransa da ya bayyana shi a shekarun 1850. Ruwa ne mai kauri, launin tsatsa. Yana daskarar da furotin da ƙarfi, kuma har yau ana amfani da shi a asibiti, misali bayan an ɗauki samfuri daga bakin mahaifa. Matsalarsa a fuska ita ce yana iya barin tabo mai duhu, domin ƙarfen yakan zauna a cikin fata. Babu dalilin da zai sa mutum ya sayi tabon dindindin saboda yankan da zai warke cikin kwana biyu.

Haka nan tsinken silba naitiret. Shi ƙona nama yake yi, likitoci na amfani da shi wajen haɓo da makamantansa, yana kuma baƙanta fata. Sunan "fensir" da ake kiran shi da allin aski duka yana rikita wasu, don haka a karanta kwali kafin a saya.

Babu wanda aka yi da tsirrai?

Akwai. Wanda ya fi shahara shi ne ruwan hamamelis, wata bishiya ta Arewacin Amurka da 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna magani da ita. Ganyenta da ɓawonta suna da tanin, sinadarin baurin da ke cikin ganyen shayi da ɓawon itatuwa da dama. Sai dai wanda ake sayarwa a kwalba yawanci tururinsa aka tara, tanin kuma ba ya bin tururi sosai, sannan akan ƙara masa sifirit kimanin kashi 14 cikin 100. Yana sanyaya fata, yana ɗan tsuke ta, amma wajen tsayar da jinin da ke gudu bai kama ƙafar alif ba.

Wasu filasta da audugar tsayar da jini ana yin su da aljinet, wanda ake cirowa daga ciyawar teku. Yana shan jini ya zama kamar kunu mai kauri ya rufe wurin, kuma ba ya raɗaɗi. Akwai kitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da farar yumɓu mai suna kawolin da ake sawa a bandejin sojoji. Waɗannan biyun don manyan raunuka aka fi yin su, sun fi ƙarfin yankan reza.

Turaren bayan aski yana tsayar da jini?

A'a. Yawancinsa sifirit ne da ƙamshi. Yana kashe wasu ƙwayoyin cuta a saman fata, yana kuma raɗaɗi, shi ya sa mutane ke zaton yana aiki irin na alli. Raɗaɗi ba shi ne shaidar magani ba. Sifirit a buɗaɗɗen rauni yana ɓata wa naman rai, yana iya wanke ɗan gudan jinin da ya fara kamawa. A tsayar da jinin tukuna, a shafa turaren a kewaye.

Aluminiyam ɗin ba ya cutarwa idan ya shiga jini?

Wannan tambaya tana yawan zuwa, kuma ta cancanci amsa a natse. Abin da ke taɓa raunin kaɗan ne ƙwarai, na 'yan daƙiƙoƙi, kuma yawancinsa yana maƙalewa a cikin murfin da ya yi, ya faɗi tare da ɓawon ciwo. Mutum yana samun aluminiyam kullum daga abinci da ruwan sha, ƙoda kuma ita ke fitar da wanda ya shiga jini. An daɗe ana maganar alaƙarsa da cutar mantuwa ta tsufa, amma bincike bai tabbatar da cewa irin wannan amfani na yau da kullum yana jawo ta ba.

Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai ciwon ƙoda mai tsanani, tunda jikinsa ba ya fitar da aluminiyam yadda ya kamata. Saboda irinsu ne a Amurka ake rubuta gargaɗi a jikin magungunan hana zufa. Idan kana cikinsu, tambayi likitanka. Ban da haka, kada a sa a ido, kada a sa cikin baki, kuma a ɗauke shi daga inda yara za su kai, domin kamarsa ɗaya da alli ko alewa.

Zan iya amfani da na ɗan'uwana, ko wanda mai aski ya gama goga wa wani?

Kada ka yarda. Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Allin tsayar da jini aikinsa ke nan ya taɓa jini. Wanda aka ɗora a raunin wani, aka ɗora a naka, ya haɗa jininku. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko da jinin ya bushe, kuma ɗan abin da ido ba ya gani ya isa. Nau'in C ma ta jini yake yaɗuwa. Mutane da yawa suna ɗauke da waɗannan cututtuka shekaru ba su sani ba, don haka kallon fuskar mutum ba ya gaya maka komai.

Wasu suna cewa ai alif yana kashe ƙwayoyin cuta. Yana hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, shi ya sa ake hana warin hammata da shi, amma wannan bai mai da shi abin da ke tsarkake jinin wani ba. Saboda haka ne jihohi da dama a Amurka suka hana masu aski amfani da alli ko dunƙulen alif a kan kwastomomi, sai dai na gari ko na ruwa da za a ɗiba da auduga mai tsabta a jefar. Mai askin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba idan ka nemi haka. Yadda ba ka raba reza da kowa, haka ba ka raba alli.

Yaya ake amfani da shi daidai?

Wanke wurin da ruwan sanyi, ka ɗan danna da tsumma mai tsabta. Jiƙa bakin allin kaɗan, ka ɗora a kan yankan ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi. Dannawa ake yi, ba gogawa ba, don goga tana sake buɗe raunin. Idan jini ya sake ɓullowa, maimaita sau ɗaya. Bayan ka gama, ɗauraye bakin allin, ka tsane shi, ka bar shi ya sha iska kafin ka rufe. Gishiri ne mai narkewa, idan aka ajiye shi a jiƙe zai zagwanye ya farfashe. Wanda ake kula da shi yana daɗewa ƙwarai.

Farin da yake bari a fuska fa?

Gishirin ne ya bushe, tare da farar hodar da aka sa masa. A baƙar fata ya fi fitowa fili. Bari minti biyu ko uku jinin ya kama sosai, sannan ka share kewayen da jiƙaƙƙen yatsa a hankali, ba tare da ka kankare tsakiyar ba.

Idan ba ni da ko ɗaya a kusa?

Kana da abin da ya fi su duka: yatsanka. Ɗora auduga ko tsumma mai tsabta ka danna sosai, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, domin duk ɗagawa tana rushe abin da jiki ya fara ginawa. Ƙanƙara ko ruwan sanyi suna tsuke jijiyoyi. Bayan jinin ya lafa, ɗan man Vaseline ko man leɓe yana rufe wurin ya hana shi tsagewa. Guntun tishu da ake mannawa yana aiki, amma a jiƙa shi kafin a cire, in ba haka ba zai taho da gudan jinin.

Toka, ƙasa, man goge baki, duk a bar su. Ƙasa musamman tana iya ɗauke da ƙwayar cutar tetanus.

Garin da ake sa wa karnuka da tsuntsaye idan an yanke musu farce, mutum zai iya amfani da shi?

Bai dace ba. Yawanci yana ɗauke da ferik sabsalfet mai barin tabo, da yumɓu, wani kuma da benzoken mai kashe zafi, wanda fatar wasu mutane ba ta jituwa da shi. Don farcen dabba aka haɗa shi.

Kullum wuri ɗaya ne ke min jini. Me ke faruwa?

Sau da yawa kurajen aski ne. Masu murɗaɗɗen gashi sun fi fama da su, domin gashin da aka yanke ƙasa-ƙasa yana lanƙwasowa ya huda fata ya shige, wurin ya kumbura. Aski na gaba sai reza ta sare kan ƙurjin. A nan alli ba ya magance komai, yana rufe ɓarnar yau ne kawai, gobe a sake, daga baya wurin ya yi baƙin tabo. Gyaran yana wajen askin: a jiƙa gashi sosai, a yi amfani da reza mai kaifi, a bi yadda gashin ya kwanta, kada a ja fata a miƙe, ko a koma injin aski da ke barin ɗan tsawo. Wani lokaci hutun 'yan makonni ne kawai maganin.

Idan kuwa tawadar Allah ce ko wani tsiro da ke jini da ɗan taɓawa, ko ciwon da ya yi makonni bai warke ba, ko ya canza launi ko girma, wannan likita ya kamata ya gani.

Yaushe ne alli bai isa ba?

Idan yankan ya yi zurfi ko bakinsa ya buɗe, idan jini na fita da ƙarfi, ko ka danna minti 10 cur bai tsaya ba, tafi asibiti. Kada a cusa alli cikin rauni mai zurfi, yana lalata naman ciki ya wahalar da ɗinki. Haka nan idan bayan kwana biyu ko uku wurin ya ƙara ja da kumburi, ya yi zafi ko ya fara ruwa.

Masu shan magungunan tsinka jini kamar wafarin, asfirin ko kulofidogirel za su ga jininsu ya fi daɗewa kafin ya tsaya. Suna iya amfani da alli a ƙaramin yanka, amma su ƙara lokacin dannawa, kuma injin aski ya fi musu reza. Kada su daina shan maganin da kansu saboda wannan. Wanda kuma ba ya shan komai, amma ya lura ɗan yanka na ɗaukar lokaci mai tsawo, dasashinsa na jini, yana yawan haɓo, ko jikinsa na yin shaida ba tare da ya bugu ba, ya je a gwada jininsa. Ƙarancin ƙwayoyin toshe rauni, ciwon hanta da cututtukan gado irin su himofiliya duk suna iya fara nuna kansu ta wannan hanya.